Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Malaman Tarihi: A Koyar da Labarin Sauran Samarin Sarayebo

Zuwa ga malaman tarihi na makarantun sakandare da kwalejojin ilimi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya tare da iyalanku da ɗalibanku, dalilin wannan wasiƙa shi ne wani darasi da kusan kowannenku yake koyarwa idan an zo kan musabbabin Yaƙin Duniya na Ɗaya, wato kisan Yarima Franz Ferdinand, mai jiran gadon sarautar Ostiriya da Hungari, shi da matarsa Sophie, a Sarayebo, babban birnin Bosniya, ranar Lahadi 28 ga Yuni, 1914. Yadda aka saba bayar da shi a aji bai wuce layi uku ba: wani saurayi mai suna Gavrilo Princip ya harbe yarima, Ostiriya ta ɗora wa Sabiya laifi ta gindaya mata sharuɗɗa ranar 23 ga Yuli, ta kuma shelanta yaƙi a kanta ranar 28 ga Yuli, sai manyan ƙasashen Turai suka auka ciki ɗaya bayan ɗaya. Ɗalibin da ya haddace wannan zai ci jarrabawa, ban musa ba. Roƙona gare ku shi ne ku ɗan daɗe a wannan gaɓa kafin ku wuce zuwa fagen daga, domin Gavrilo ba shi kaɗai ya tsaya a bakin titi a wannan safiya ba. Su shida ne ɗauke da makamai, na bakwai yana kai da komowa a tsakaninsu, a bayansu kuma akwai malamin makaranta da ɗan kasuwa da manoma waɗanda suka ɗauki kaya, ko suka ba da masauki, ko suka ji labari suka kama bakinsu. Mutum 25 ne suka gurfana gaban kotu a watan Oktoba na wannan shekara, kuma a ganina abin da zai fi amfanar ɗalibi ɗan shekara 17 yana cikin labarin sauran 24 ɗin.

Ku fara da shekarunsu. Gavrilo da Nedeljko Cabrinovic suna da 19, Trifko Grabez ma bai wuce haka ba. Cvjetko Popovic yana da 18, Vaso Cubrilovic kuwa 17, dukansu biyun kuma 'yan makaranta ne a Sarayebo. Danilo Ilic, wanda ya tsara inda kowa zai tsaya, bai cika 25 ba. Babbansu shi ne Muhamed Mehmedbasic, kafinta Musulmi daga garin Stolac, shi ma bai kai 30 ba. Sunan Muhamed kaɗai ya isa ya hana ɗalibi ɗaukar lamarin a matsayin faɗan addini, balle idan aka ƙara masa da Ivo Kranjcevic, ɗalibi ɗan ƙabilar Kuroshiyawa mai bin ɗarikar Katolika, wanda ya yarda zai ɓoye wa Vaso makamansa bayan an gama.

Abin da ya haɗa su shi ne ƙin mulkin baƙo. Bosniya ta yi kusan shekara 400 a hannun Daular Usmaniyya ta Turkawa, sai taron Berlin na 1878 ya damƙa wa Ostiriya riƙonta, a 1908 kuma Ostiriya ta haɗe ta da daularta baki ɗaya ba tare da tambayar mutanen ƙasar ba. Sabbin masu mulki sun shimfiɗa layin dogo, sun gina ofisoshi, amma sun bar tsohon tsarin gonaki yadda suka same shi, inda manomi yake noma ƙasar wani ya ba shi kashi ɗaya cikin uku na amfanin gona, kuma har zuwa 1910 kusan tara cikin goma na jama'ar ba su iya karatu da rubutu ba. 'Yan tsirarun 'ya'yan talakawa da suka samu shiga sakandare su ne suka riƙa karanta rubuce-rubucen 'yan juyin juya halin Rasha, suna taruwa a ɓoye cikin ƙananan ƙungiyoyi waɗanda daga baya aka haɗa su a ƙarƙashin suna guda, Matasan Bosniya. Suna da gwarzo nasu, wani ɗalibi mai suna Bogdan Zerajic, wanda a 1910 ya harbi gwamnan Bosniya sau biyar bai same shi ba, ya kashe kansa da harsashi na gaba. Gavrilo ya shaida wa kotu cewa yakan ziyarci kabarinsa, kuma a can ya yi alkawarin yin irin abin da ya yi. Ranar da aka zaɓa domin ziyarar yarima ta ƙara rura wutar, don kuwa ita ce ranar da Sabiyawa suke tunawa da yaƙin Kosobo na 1389, wanda kakanninsu suka gwabza da Turkawa.

Wannan shi ne dalilin da suka yi tarayya a kai, kuma shi ne littattafai suke kawowa. Amma idan aka bi su ɗaya bayan ɗaya, za a tarar kowane yana da nasa ciwon da ya kawo shi, kuma a nan ne nake so ku fi daɗewa.

Gavrilo ɗan irin waɗancan manoma ne, daga ƙauyen Obljaj a yammacin Bosniya. Iyayensa sun haifi 'ya'ya tara, shida suka mutu tun suna ƙanana. Yana da shekara 13 aka kai shi Sarayebo karatu, a 1912 aka kore shi daga makaranta saboda zanga-zangar ɗalibai, ya tsallaka zuwa Belgrade, babban birnin Sabiya. A ƙarshen wannan shekara, da yaƙin yankin Balkan ya ɓarke, ya je ya miƙa kansa ga rundunar 'yan sa-kai ta Sabiya, sai kwamandansu Vojislav Tankosic ya sallame shi, wai ya cika ƙanƙanta da rashin ƙarfi. Wannan wulaƙanci bai bar zuciyarsa ba, domin har a kurkuku a 1916 ya gaya wa likitan ƙwaƙwalwa Martin Pappenheim cewa duk inda ya je ana yi masa kallon marar ƙarfi. Ku sa ɗalibai su lura cewa Tankosic ɗin nan da ya ga yaron bai isa ya riƙe bindiga a fagen yaƙi ba, shi ne kafin a cika shekara biyu ya ga ya isa a ba shi bindiga ya je inda ba a sa ran zai dawo.

Nedeljko kuma nasa ciwon a cikin gida yake. Mahaifinsa mai gidan shan gahawa ne a Sarayebo, kuma ɗan leƙen asirin 'yan sandan Ostiriya. Yaron ya bar makaranta da wuri, ya koyi aikin jera haruffa a maɗaba'a, ya shiga yajin aikin ma'aikata har hukuma ta kore shi daga birnin na wani lokaci. Mai surutu ne, kuma abokansa ba su gama yarda da shi ba, har ta kai a kan hanyarsu ta dawowa daga Belgrade Gavrilo da Trifko suka karɓe makaman da ke hannunsa suka ce ya bi wata hanya shi kaɗai. Saurayin da ake zargi saboda sunan ubansa yakan fi kowa gaggawar nuna cewa shi na gaske ne, kuma haka aka gani. A safiyar ranar ya sa kayansa masu kyau ya je gidan mai hoto aka ɗauke shi, domin ya bar abin tunawa, sannan ya tsaya a bakin kogi ya tambayi wani ɗan sanda wace mota ce yarima yake ciki, ɗan sandan ya nuna masa. Trifko shi ɗan limamin coci ne daga garin Pale, an kore shi daga makaranta saboda ya mari malami, ya tafi Belgrade ya ƙarasa karatu, a can ya faɗa cikin waɗannan biyun.

Labarin Danilo ne ya fi damuna, domin shi ne ya fi su sani kuma ya fi su shakka. Lokacin da aka kawo Gavrilo Sarayebo yana yaro, a gidan mahaifiyar Danilo aka sama masa masauki, suka tashi kamar wa da ƙani, Danilo yana ba shi littattafai. Danilo ya yi aikin koyarwa, ya yi aikin jarida. Da Gavrilo ya rubuto masa daga Belgrade cewa an samu makamai, ya nemo ƙarin mutane, sai ya nemo Muhamed, ya kuma bi ta hannun wani ɗalibi mai suna Lazar Djukic ya samu Vaso, Vaso ya jawo abokinsa Cvjetko. Amma da ranar ta matso sai Danilo ya fara ja da baya, yana cewa lokaci bai yi ba, kisan zai jawo wa jama'a bala'i ne kawai, gara a fara gina ƙungiyar siyasa tukuna. Gavrilo ya ƙi saurare. Danilo yana da makaman a hannunsa, yana da ikon ya zubar da su a kogi, amma ya kasa juya wa ƙaramin abokinsa baya, ya raba su da hannunsa. Ana gobe za a yi ne ya miƙa wa Vaso da Cvjetko nasu, ya nuna musu yadda ake kwance murfin bam a buga shi a jikin abu mai tauri a ɗan jira kafin a jefa. Iyakar horon da suka samu ke nan. Bayan an kama shi kuma, shi ne ya lissafa wa masu bincike sunayen sauran. Mutum guda ya kasa ƙin abokinsa a watan Yuni, ya kasa rufa wa yaran da ya ɗauko asiri a watan Yuli, kuma duk wanda zai yi wa ɗalibai maganar amana ya kamata ya ajiye musu wannan a gabansu su yi ta juya shi.

Sai kuma waɗanda ba su taɓa yin niyyar kashe kowa ba. Samarin uku sun bar Belgrade ranar 28 ga Mayu. Gavrilo da Trifko suka ƙetare kogin Drina da dare ɗauke da makaman a jikinsu, wani manomi mai suna Jakov Milovic yana yi musu jagora cikin daji da taɓo, har ya sada su da Veljko Cubrilovic, malamin makaranta a ƙauyen Priboj, wanda yake yayan Vaso ne. Veljko ya fahimci abin da ake shirin yi. Ya kai su gidan wani dattijo manomi, Mitar Kerovic, wanda ke da tsohon aminci da shi, aka ba su abinci, suka yi barci, 'ya'yan gidan suka ɗauke su a keken doki zuwa garin Tuzla. A can aka ajiye makaman a gidan Misko Jovanovic, ɗan kasuwa mai rufin asiri wanda ke da gidan silima a garin, ya ɓoye su a saman ɗaki yana kwana cikin fargaba, har Danilo ya zo karɓa, ya nuna kwalin taba sigari da aka yi alkawari a matsayin alama, aka zuba masa su a kwalin sukari. A gaban kotu Veljko ya ce tsoron abin da za a yi wa iyalinsa idan ya tona ya fi masa tsoron doka, Gavrilo kuma ya amsa cewa lallai ya yi wa manoman barazana.

Hausawa suna cewa abokin ɓarawo ɓarawo ne, kuma kotun Ostiriya a kan haka ta tafi. Amma malamin tarihi yana da damar da alƙali ba shi da ita, ta tambayar yadda aka yi mutum ya zama abokin. Veljko yana cikin masu kishin Sabiya, wannan gaskiya ne, sai dai abin da ya sa Mitar ya buɗe ƙofarsa bai wuce cewa malamin da yake girmamawa ne ya kawo masa baƙi ba. An yi amfani da karamci da kunya da zumunci, wato kyawawan halayen mutanen, aka ɗaure su da su.

Yanzu ku juyo da ɗalibai su dubi sama, wurin waɗanda suka ba da kayan. Ƙananan bindigogi huɗu ƙirar Browning, bama-bamai shida daga rumbun makaman sojan Sabiya, kuɗin hanya da guba, duk sun fito ne daga hannun Manjo Tankosic ta hanyar wani ma'aikacin jirgin ƙasa, Milan Ciganovic, wanda ya koya wa samarin harbi a bayan gari. Tankosic na hannun daman Kanar Dragutin Dimitrijevic ne, wanda aka fi sani da Apis, shugaban sashen leƙen asirin sojan Sabiya kuma jigon ƙungiyar asiri da ake kira Baƙin Hannu, wadda aka kafa a 1911. Masana tarihi sun yi saɓani a kan ko Apis ne ya kitsa abin tun farko, ko kuwa samarin ne suka zo da shawararsu aka sa musu hannu, kuma su samarin sun dage har ƙarshe cewa tunaninsu ne. Ko wanne ne gaskiya, manya masu muƙami sun ga yara sun zo da niyyar kisa, maimakon su tsawata musu sai suka buɗe musu rumbu. Apis kansa yana da shekara 26 lokacin da ya shiga cikin hafsoshin da suka kutsa fada a 1903 suka kashe Sarki Alexander na Sabiya da matarsa Draga, kuma maimakon hukunci sai ya ci gaba da samun ƙarin girma. Abin da ya koya ke nan yana saurayi, kuma shi ya miƙa wa na bayansa.

Maganar gubar nan ta cancanci a tsaya a kanta. An ba su ita ne da umarnin su sha da zarar sun gama, kuma ba domin a sauƙaƙa musu azaba ba ne, domin gawa ba ta ambaton suna ne. Nedeljko ya sha, Gavrilo ma ya sha, ba ta kashe ko ɗaya ba, amai kawai ta sa su. Duk da haka a gaban kotu suka yi iya ƙoƙarinsu su taƙaita laifin a kansu. Sun ambaci Ciganovic da Tankosic, amma sunan Apis bai fito daga bakinsu ba, ko don sun ɓoye shi, ko don ba a taɓa barin su su san shi ba. Biyayya ta tashi daga ƙasa zuwa sama cikakkiya, abin da ya sauko daga sama kuwa bai wuce makami da lalatacciyar guba ba. Ciganovic bai taɓa gurfana gaban wannan kotu ba, ya rayu har 1927. Tankosic ya mutu a yaƙi a 1915. Apis kuwa gwamnatinsa ce ta harbe shi a Salonika ta ƙasar Girka a watan Yuni na 1917, bisa wata tuhuma daban.

Abin da ya faru a ranar sananne ne, don haka zan taƙaita. Jerin motocin ya bi titin da ke gefen kogin Miljacka. Ya wuce Muhamed bai motsa ba, daga baya ya ce ɗan sanda ne ya tsaya a bayansa. Ya wuce Vaso, shi ma bai motsa ba, ya ce ganin matar yarima a motar ne ya sa ya ji tausayi. Nedeljko ya buga bam ɗinsa a jikin turken fitila ya jefa, ya faɗa kan rufin motar da aka naɗe a baya, ya gangara ya tashi a ƙarƙashin motar da ke biye, ya raunata kusan mutum 20, shi kuma ya faɗa kogin da ruwansa bai kai gwiwa ba aka tsamo shi. Cvjetko ya tsere ya ɓoye makamansa. Bayan an gama taro a zauren birni, yarima ya ce zai je asibiti ya duba waɗanda suka ji rauni, amma ba a sanar da direbobi canjin hanya ba, suka karya kwana a kusa da Gadar Latin, gwamna Oskar Potiorek ya daka tsawa a tsaya a koma, motar ta tsaya a gaban Gavrilo, ya yi harbi sau biyu. Trifko bai yi komai ba. Huɗu cikin shida ke nan suka kasa, kuma ya kamata ɗalibi ya ga cewa kasawarsu a minti na ƙarshe ba ta ceci ran kowa ba, ba ta kuma ceci uku daga cikinsu daga kotu ba. Damar hana abin tana can baya, a makonnin da kowannensu ya sani ya yi shiru.

An yanke hukunci ranar 28 ga Oktoba, aka samu 16 da laifi, aka sallami tara. Dokar Ostiriya ta hana kashe wanda bai cika shekara 20 ba a lokacin da ya aikata laifi, kuma Gavrilo saura kwana 27 ya cika, bayan an yi ta jayayya a kan watan haihuwarsa kotu ta bi rajistar coci. Saboda haka shi da Nedeljko da Trifko suka samu shekara 20 kowanne, Vaso 16, Cvjetko 13, Lazar da Ivo goma-goma, alhali Lazar ya ƙi riƙe makami tun farko, laifinsa shi ne ya haɗa mutum da mutum. Waɗanda aka rataye ranar 3 ga Fabrairu, 1915 su ne Danilo da Veljko da Misko, kuma babu ɗaya a cikinsu da ya jefa bam ko ya harba bindiga. Milovic da dattijo Mitar da ɗansa Nedo sun mutu a kurkuku kafin yaƙin ya ƙare. Samarin uku ma sassaucin bai yi musu nisa ba: a kurkukun Terezin, cikin sanyi da yunwa da sarƙa, tarin fuka ya kashe Nedeljko da Trifko a 1916, Gavrilo kuma ya bi su ranar 28 ga Afrilu, 1918, bayan an yanke masa hannu.

Ina roƙonku kada ƙuruciyarsu da wannan wahala su sa a mayar da su abin tausayi zalla, ko kuma gwaraza. Sun san titin zai cika da jama'a suka ɗauki bam, kuma sun mayar da yara uku marayu a sa'a guda, babbarsu ba ta cika 13 ba. Talakawan da suka ce domin su suka yi ne suka fara ɗanɗana kuɗarsa, domin tun a daren da washegari aka far wa shaguna da gidajen Sabiyawa a Sarayebo, aka kuma kama da yawa daga cikinsu. Gavrilo ya ce yana baƙin cikin mutuwar Sophie, wai gwamna ya nufa da harbi na biyu, amma bai janye daga kisan yarima ba. Nedeljko ne ya karaya a gaban kotu ya nemi gafarar marayun, kuma biyu daga cikinsu, Sophie da Max, suka rubuta masa cewa sun yafe, ƙaraminsu Ernst ya ƙi sa hannu. Ku bar ɗalibai su yi muhawara a kan wannan, kuma kada ku yi gaggawar ba Ernst rashin gaskiya.

Haka kuma kada a ɗauka cewa wanda ya tsira ya fito a wanke. Cvjetko ya fita a 1918 ya yi rayuwarsa a aikin ilimi da gidan adana kayan tarihi na Sarayebo har ya rasu a 1980. Muhamed ya tsere zuwa Montenegiro tun farko, ya dawo bayan yaƙi, 'yan Ustasha, ƙungiyar masu tsattsauran kishin Kuroshiya, suka kashe shi a 1943. Vaso, ƙaraminsu, wanda ya ce tausayin mace ya hana shi harbi, ya zama farfesan tarihi a Jami'ar Belgrade, a 1937 ya gabatar da takarda yana ba da shawarar yadda za a kori Albaniyawa daga Kosobo da ƙarfi, bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya zama minista a gwamnatin Tito, shugaban Yugoslabiya, ya rayu har 1990 yana da shekara 93. Dokar da ta bar shi da rai ta yi daidai a ganina, domin ɗan shekara 17 bai gama zama mutumin da zai zama ba, amma rayuwarsa ta nuna cewa tsufa da digiri ba su kawar da tunanin cewa ana gyara ƙasa ta hanyar kawar da mutane.

Wani zai ce me ya haɗa ɗalibin Kano ko Zinder ko Garwa da rigimar Balkan. Kafin a cika wata biyu da harbin, sojan Afirka ta Yamma suna yaƙi da Jamusawa a Togo, inda ake danganta harbin farko na ɓangaren Ingila a duk yaƙin ga Alhaji Grunshi na rundunar Gwalkwas, ƙasar Ghana ta yau. Sojan rundunar Najeriya, waɗanda da Hausa ake ba su umarni, sun zubar da jini a Garwa da Mora da Banyo a Kamaru, daga baya aka kai su Afirka ta Gabas. Akwai kuma dalilin da ya fi wannan kusa. Wata rana ɗalibanku za su zo kan 15 ga Janairu, 1966, daren da aka kashe Sardauna Ahmadu Bello da Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa da Cif Akintola da manyan hafsoshi irin su Birgediya Zakariya Maimalari, inda Manjo Nzeogwu, ɗan shekara 28, ya fito da ƙananan soja a Kaduna da sunan atisayen dare mai laƙabin Damisa. Ba ina daidaita al'amuran biyu ba ne, domin sun bambanta a kusan komai. Amma tambayoyin da ake bukata iri ɗaya ne, wato wa ya sani kuma tun yaushe, wa ya ba da makami, wa aka ja da sunan biyayya, wa yake da halin ƙi bai ƙi ba, kuma ya fi sauƙi ɗalibi ya koyi yin su da sanyin zuciya a kan birnin da babu jinin kakansa a ciki, kafin ya kawo su gida.

Abin da nake nema a aikace ba ya buƙatar canza manhaja. Darasi guda ya isa. A raba aji ƙungiya-ƙungiya, kowace a ba ta mutum ɗaya daga cikin waɗanda aka gurfanar, har da Mitar da Misko da Lazar, a ce ta gano ranar da mutumin ya fara sani, da wanda ya jawo shi, da abin da zai rasa da ya ce a'a, sannan ta faɗi hukuncin da take ganin ya dace da shi kafin a bayyana mata wanda kotu ta yanke. A cikin garuruwan da muka san yadda ake ɗaukar samari bangar siyasa, ba sai malami ya ja wa ɗalibai layi ba.

Sai gyara biyu ga masu ɗauko kayan darasi daga intanet. Labarin da ake yawo da shi cewa Gavrilo ya shiga shago ya sayi ɗan abin taɓawa sai ga motar yarima ta zo ba shi da tushe a shaidun kotu, ƙari ne na zamanin nan. Sanannen hoton nan kuma da ake nunawa ana cewa kama Gavrilo ne, inda jami'ai suke jan wani saurayi zuwa cikin gini, ba shi ba ne. Ferdinand Behr ne, wani sanin Gavrilo wanda ba ya cikin shirin, ya shiga tsakani ganin ana dukansa, aka haɗa da shi aka tafi, daga baya aka sake shi. Idan za ku nuna hoton a aji, ku rubuta sunansa a ƙasa.

Wassalam. Allah ya ƙara muku haƙuri da basira a kan aikinku.

Naku,
Wani mai bibiyar tarihi